Gajiyar da Barci Ba Ya Kashewa: Yadda Za Ka Gane Ta, Ka Kuma Fita Daga Cikinta

Wata safiyar Litinin, shekarun baya, na taso a kan mashin daga Rijiyar Zaki zuwa makarantar da nake koyarwa. Da na isa ƙofa na kashe mashin, amma na kasa sauka. Ina jiyo hayaniyar yara a filin asambuli, ƙafafuna sun ƙi motsi. Ba zazzaɓi nake ba, ba kuma wanda ya ɓata mini rai da safen. A lokacin ina aji daga bakwai da rabi zuwa biyu, in yi lesin a gidaje biyu bayan La'asar, in zauna a shagon da muka haɗa da ƙanina har goman dare, ga mahaifiyarmu a kwance muna jinya. Cikin wata huɗu na sha maganin maleriya sau uku, an yi mini ƙarin ruwa sau ɗaya a kemis. Ban taɓa kawowa a raina cewa ba sauro ne ya kayar da ni ba.

Duk wanda ya taso da fitilar ƙwai ya san abin da ke faruwa idan kananzir ya ƙare ba a kashe ta ba: lagwanin ne yake fara cin kansa, haske ya yi ja, gilashi ya yi baƙi. Haka gajiyar aikin da ta kayar da ni take, wadda a Turanci ake kira burnout. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana ta a 1974 bayan ya gan ta a jikin masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a birnin Niyok, har da shi kansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta mai zaman kanta ba, sai a matsayin yanayin da matsin aiki mai tsawo, wanda aka kasa shawo kansa, yake jefa mutum ciki. Wannan bayanin yana da muhimmanci, domin ya nuna inda matsalar take: tsakanin mutum ne da kayan da aka ɗora masa. Hutu shi kaɗai ba ya warkar da ita idan za ka koma ka sake ɗaukar kayan yadda suke.

Mataki na farko: ka rarrabe ta da gajiyar yau da kullum

Ɗan dako a Singa yakan gaji tiɓis da yamma, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya kwanta, gari ya waye ya miƙe garau. Wannan gajiya ce mai lafiya. Wadda muke magana a kai tana da alamomi uku.

Ta farko, ƙarfi ya ƙare. Ka yi barci ka tashi kamar an yi maka duka. Ranar hutu ta zo ta wuce ba ka ji ta ba. Tun daren Lahadi, ko daren Juma'a ga mai kasuwar da ke fita Asabar, gabanka ya fara faɗuwa.

Ta biyu ita ce mutane suka fi ɓoyewa, domin tana da kunya: zuciya ta bushe a kan aikin da mutanen da ke cikinsa. Ma'aikaciyar jinyar da a da take rarrashin mara lafiya, yanzu kukansa ma haushi yake ba ta. Malamin da ya san sunan kowane yaro a ajinsa, yanzu in an kaɗa ƙararrawar tashi ji yake kamar an sake shi daga kurkuku. Mai shago a Kantin Kwari yana ganin kwastoma ya nufo shi, maimakon murna sai ya ji a ransa, ga wani kuma. Kalmar da za ka fi ji a bakin irin wannan mutumin ita ce "su suka sani" ko "ni ina ruwana". Ba mugunta ce ta same shi ba. Zuciya ce take janye jiki domin ba ta da sauran abin bayarwa.

Ta uku, ka daina yarda da hannunka. Aikin minti ashirin ya kai ka awa biyu, ka ba da canji ba daidai ba, ka manta alƙawari, ka fara cewa ai ni dama ban iya komai ba.

Jiki magayi ne, shi ma yana ba da nasa labarin: ciwon kai da yamma, ɗaurewar wuya da kafaɗa, zafin ƙirji, bugun zuciya, mura a kai a kai, farkawa ƙarfe uku na dare ana lissafi, da saurin daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan alamomin nan uku sun haɗu maka, kuma sun yi makonni ba kwanaki ba, ka ci gaba da karatu da kanka a zuciya.

Hukumar Lafiya ta taƙaita bayaninta ga wurin aiki. Ni kuwa a ganina matar da ke tashi kafin Asuba ta ɗora sanwa, ta shirya yara biyar, ta yi wankin hannu, ta kula da surukar da ke kwance, ta soya awarar sayarwa, ma'aikaciya ce ko da ba ta da albashi. Duk abin da zan faɗa nan gaba, har da ita nake.

Mataki na biyu: asibiti, ba kemis ba

Kafin ka yanke wa kanka hukunci, a duba jikinka. Ƙarancin jini, ciwon sukari, hawan jini, matsalar maƙoƙo, ciwon hanta da maleriya ta gaske duk suna kawo kasala irin wannan. Ka je a gwada, kada ka sayi magani da ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗa wa likita awa nawa kake aiki, awa nawa kake barci, da duk abin da kake sha don ka iya tsayuwa.

Akwai kuma ciwon damuwa, wanda yake kama da wannan gajiyar, kuma wani lokacin ita ce take buɗe masa ƙofa. Bambancin da za ka lura da shi: mai gajiyar aiki yakan ɗan farfaɗo idan ya yi nisa da aikin, ya ji daɗin hira, ya yi dariya a gidan suna. Mai ciwon damuwa kuwa duhun yana bin sa ko'ina. Idan ka kai mako biyu ko fiye kusan kullum cikin baƙin ciki, komai ya fita daga ranka, ci ko barci ya rikice, kana jin ba ka da amfani, to likitan ƙwaƙwalwa kake buƙata. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, akwai kuma asibitin Dawanau. Idan kuwa ka fara tunanin gara ka mutu ka huta, ko tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da shi. Ka faɗa wa wani na jikinka yau, ya raka ka asibiti yau.

Na san nauyin da sunan Dawanau yake da shi a kunnen Bakano. Amma yawancin masu ganin waɗannan likitoci da ƙafarsu suke zuwa, su karɓi shawara ko magani, su koma kasuwa. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin mara lafiya da sirrinsa. Idan a gida an ce jifa ne ko kambun baka, kada ka tsaya musu da iyaye. Ka riƙe azkar ɗinka, ka karɓi addu'arsu, ka kuma je asibiti. Ɗaya ba ya korar ɗaya.

Mataki na uku: ka nemo inda ɗakin yake yoyo

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Kwana bakwai, kowane dare kafin ka kwanta, ka rubuta abu huɗu: lokacin da ka tashi da lokacin da ka kwanta, awannin da ka yi a aiki har da na hanya, abin da ya fi cin ranka a ranar, da abin da ya ɗan sanyaya maka zuciya. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, domin gajiyayye ba ya iya lissafin kansa.

Ka tara awannin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40. Wanda ke buɗe shago tara na safe ya rufe shida na yamma, kwana shida, ya riga ya yi awa 54, ba a sa cunkoson Ƙofar Mata ko na titin Katsina ba, ba a sa wayar kwastoma bayan Isha ba.

Sai dai yawan awanni ba shi ne komai ba. Christina Maslach, wadda ta fitar da ma'aunin wannan gajiya a 1981, ita da abokin bincikenta Michael Leiter sun nuna wurare shida da aiki yake cin mutum. Akwai yawan kaya. Akwai rashin ta-cewa, wato ana juya ka ba a tambayar ka. Akwai rashin sakamako, ko na kuɗi ko na "sannu da ƙoƙari". Akwai zaman doya da manja da abokan aiki. Akwai rashin adalci, kai ka yi aiki a ɗaga ɗan uwan maigida. Na shida shi ne aikin da yake sa ka yin abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba: a ce ka ƙara wa ɗan mai kuɗi maki, ko ka rantse wa kwastoma a kan yadin da ka san ba shi ba ne. Wannan na ƙarshen yana tsufar da mutum fiye da dako.

Ka duba littafinka ka ja layi a ƙarƙashin guda ɗaya ko biyu da suka fi maimaituwa. Ni da na yi nawa, na zaci aji ne yake kashe ni. Ashe zaman shagon dare ne da kwanan jinya, waɗanda suka mayar da barcina awa huɗu.

Mataki na huɗu: mako biyu na tsayar da zubar

Kada ka yanke babbar shawara yanzu. Kada ka ajiye aiki, kada ka raba jari, kada ka yi maganar saki ko yaji. Ka fara dawo da jiki.

Barci shi ne kan gaba. Baligi yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. Mu da Asuba take tashin mu, lissafin a bayyane yake: wanda zai tashi biyar, ya kamata goma ta same shi a shimfiɗa. Abin da ke hana hakan sanannu ne. Akwai teburin mai shayi da dare. Ganyen shayi, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, wanda bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Daga La'asar ka daina su. Akwai waya, ka sa ta caji nesa da katifa, ka faɗa wa kwastomomi cewa bayan tara sai da safe. Akwai zafin bazara da rashin wuta, wanda ba laifinka ba ne: ka watsa ruwa kafin kwanciya, ka shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro in da hali. Ƙailula kuma gado ne mai kyau da muka yi sakaci da shi. Minti ashirin zuwa talatin bayan Azahar, ko a bayan kanta ne, kada dai ta zarce ta cinye barcin dare.

Ka karya kumallo kafin ka fita, ko koko da ƙosai ne. Ka sha ruwa sosai. Ka yi tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako, bayan Asuba kafin rana ta ɗaga. Ba sai ka hau Dala ko Goron Dutse ba, zagayen unguwa ya isa.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake. Ƙwayar da za ta sa ka yi aikin mutum biyu bashi take ba ka daga jikinka, za ta kuma karɓa da riba. Tiramadol, maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018, da ƙwayoyin barcin da ake saya ba takardar likita, duk sun fara ne a hannun mutane da yawa a matsayin maganin gajiya. Idan ka riga ka saba da ɗaya daga ciki, kada ka yanke shi rana ɗaya da kanka, domin wasu suna iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage maka a hankali.

Mataki na biyar: ka sauke kaya

Nan ne aikin yake, nan ne kuma kunya take kayar da mu. An tarbiyyantar da mu a kan cewa namiji ba ya raki, mace ta gari ba ta ƙorafi, ƙarami ba ya ce wa babba a'a. Ga rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowa yana haɗa sana'a biyu ko uku. Ba zan ce maka ka bar neman abinci ba. Cewa nake da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ka kasa abin da ke littafinka kashi uku: wanda dole kai ne za ka yi, wanda wani zai iya yi ko da bai kai naka kyau ba, da wanda za a iya ajiyewa wata uku ba wanda ya mutu. Kashi na biyu ya fi yawa fiye da yadda kake zato.

Idan kana ƙarƙashin wani, kada ka je masa da "na gaji" kawai, zai ce kowa ma ya gaji. Ka je da buƙata guda ɗaya takamaimai, da lokaci, da mafita. Malami zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, ajujuwa shida nake ɗauka ga kuma haɗa sakamakon jarrabawa. Na fara kuskure a makin yara, ba na so ya kai ga iyaye. Ina roƙon a ɗauke mini haɗa sakamakon zuwa ƙarshen zangon nan." Yaron shago ya sami maigidansa shi kaɗai, ba a gaban mutane ba: "Alhaji, ina neman alfarma. Jikina ya fara gazawa, har na fara rikita lissafi. A ba ni yini ɗaya a mako, ranar da kasuwa ba ta cika ba, sauran kwanakin ni zan buɗe." Ka san haƙƙinka kuma. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba leburori da ƙananan ma'aikatan ofis hutun yini ɗaya cikin bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da albashi bayan wata goma sha biyu ana aiki, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya ba da takarda. Na ma'aikatan gwamnati ya fi haka. Mutane da yawa suna shekaru ba su karɓi nasu ba don kada a ce ba su da himma. Ka karɓa, kuma kada ka cika shi da wani aikin.

Idan kai ne mai shagon, matsalarka yarda ce. Ka koya wa yaro ɗaya rubuta ciniki, ka bar masa shagon rabin yini, ka duba littafi da yamma. Mai a-daidaita-sahu da balas ke kansa kullum, ya zauna da mai mashin a kan yini ɗaya na hutu da gyara, ko ya nemi amintaccen da zai karɓe shi rabin rana. Direban da ke gyangyaɗi a kan titi asarar da zai jawo ta fi balas ɗin yini.

Ke kuma uwar gida, ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba yana shigowa ba: "Abban Fati, wallahi jikina ya ƙi. Ina so mu raba wa yaran nan aiki, mazan ma su riƙa ɗebo ruwa da wanke kayansu. Ranar Asabar kuma ina so in yini a gidanmu." Jinya kuwa, a yi mata jadawali. Ni sai da na iya buɗe baki na ce wa babban wanmu, "Yaya, kwanan nan biyar a mako ya fi ƙarfina, a raba mana," sannan na gane ba wanda ya ƙi, ganin ina yi ne kawai ya sa aka bar mini.

Sai zumunci. Ɗaurin aure uku a Asabar ɗaya, kamu, yini, suna, anko, taron 'yan ajinmu, ga rukunonin WhatsApp da ba sa barci. Jana'iza, ta'aziyya da dubiyar makusanta, waɗannan ka riƙe su. Sauran, na wata uku, ka aika da gudummawa ko ka buga waya: "Allah ya sa alheri, ina fama da jiki ne, in na warware zan zo har gida." Wasu za su yi gunaguni na kwana biyu.

Idan zuciyarka tana ce maka wannan son jiki ne, ka tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i da ke cikin Bukhari. Salman ya tarar da ɗan uwansa yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, har iyalinsa ta daina ado. Ya sa shi ya ci, ya sa shi ya kwanta, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da aka kai maganar ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Salman ya yi gaskiya. Ibada ke nan aka ce a sassauta, balle neman kuɗi.

Mataki na shida: ka zuba sabon mai

Ka nemi mutum ɗaya da za ka faɗa wa gaskiyar halin da kake ciki, wanda ba zai fara da wa'azi ba kuma ba zai kai majalisa ba. Ka kuma dawo da abu ɗaya da kake so wanda ba ya kawo ko sisi: ƙwallon yamma, kiwon tattabaru, karatun littafi, zaman tafsiri, kitso da hira da 'yar uwa, kai yara gidan zu. Da farko ba za ka ji daɗinsa ba. Ka je duk da haka, daɗin yana biyo baya.

Mataki na bakwai: komawa a hankali

Abin da ya ɗauki shekara yana taruwa ba zai tafi a mako ɗaya ba. Ka sa ran watanni, da ranakun da za ka ji kamar ka koma baya. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne makon da ƙarfi ya fara dawowa: sai a ce alhamdu lillahi na warke, a kwashi duk kayan da aka sauke. Ka mayar da abu ɗaya kawai, ka jira mako biyu ka ga yadda barcinka yake, sannan ka duba na gaba. Wasu kayan kada su dawo sam. Ni lesin gida ɗaya na bari har yau, shagon kuma muka ɗauki yaro.

Idan ka yi wata uku kana barci, ka yi magana da na sama, ka sauke abin da za ka iya, amma wurin aikin yana nan da zaluncinsa ko yana tilasta maka abin da ka san haramun ne, to lokacin neman wani wurin ya yi. Ka yi shi da shiri: ka fara tara abin da zai riƙe gida na 'yan watanni, ko ta adashe ne, ka yi shawara da istihara, ka nemi sabon kafin ka saki tsohon.

Littafin nan kada ka yar da shi. Duk ƙarshen wata ka sake yin lissafin kwana bakwai. Ka kuma gano alamarka ta farko, wadda take zuwa kafin sauran, ka faɗa wa wanda kuke kwana gida ɗaya ya riƙa lura maka. Tawa ita ce in dawo gida in tsaya a zaure ina danna waya don kada yara su rufe ni da surutu. Duk ranar da mai ɗakina ta leƙo ta gan ni a zauren nan, a daren muke buɗe littafin mu duba me ya ƙaru.